Godiya bayan shekara guda ta jinya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na karɓo sakamakon hoton nono na farko tun bayan aikin da aka yi mini, likita ta ce babu alamar cutar kansa (ciwon daji). Alhamdulillahi. Yau sai na sauke nauyin godiyar da ke wuyana.

Tun ranar da ina wanka na ji ƙullutu kamar ƙwayar gujiya, tunanina ɗaya ne: za a yanke nonon gaba ɗaya. Likitar da ta duba ni a asibitin koyarwa na Shika ta zaunar da ni, ta zana mini a takarda. Ta ce tunda ƙullutun bai kai santimita 2 ba, za a cire shi da ɗan naman da ke kewaye, a bar sauran, da sharaɗin sai na yi gashi, wato a haska wurin da na'ura don kashe ragowar cutar. Ta ce an bibiyi wasu mata masu cutar shekara 20 a Italiya da Amurka, sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna waɗanda aka yi wa haka ba su gaza waɗanda aka cire wa nono duka tsawon rai ba. Rai na hannun Allah, amma ranar na yi barci. Likita, Allah Ya saka da Aljanna.

Mata da yawa sun tambaye ni a kunne yadda wurin ya koma. Tabo ne siriri a gefe, wurin ya ɗan loɓa, fatar ta yi duhu bayan gashin amma tana washewa. Da sallah telata ba ta sauya awon rigata ba. Abin da ya fi wannan, gwajin naman ya nuna gefensa duk babu cutar.

Abban yara, kai ka raka ni tashar Rigasa da asuba, ka sayar da mashin ɗinka ba ka faɗa mini ba. Yaya da matarsa a Kubwa ta Abuja, sati uku ina gidanku ana kai ni gashi. Hajiya, kin riƙe jikokinki har an gama. Matan adashinmu na Tudun Wada, kun ba ni ɗauka tun layina bai zo ba. Allah Ya bar zumunci.

Saura ƙwayar tamozifen, maganin da ke rage yiwuwar dawowar cutar, shekara biyar aka ce. Kada a gaji da yi mini addu'a, a haɗa da wata baiwar Allah 'yar Kafanchan da muke zama benci ɗaya wajen gashi, ita nata aikin da saura.