Tabarau mai mariƙi a Pieve di Cadore

Da sanyin safiya na hau jirgin ƙasa daga birnin Benis na Italiya, na nufi arewa. Tafiya ta yi tafiya, filaye suka ƙare, duwatsun Dolomiti suka tsaya a gaba kamar ganuwa. A Calalzo layin dogo ya tsaya, garin da Angelo Frescura da abokansa suka kafa masana'antar tabarau ta farko a yankin a 1878. Daga nan bas ta ƙarasa da ni Pieve di Cadore, mahaifar mai zane Tiziano, inda gidan tarihin tabarau yake.

Ban daɗe a wajen na zamani ba. Inda ƙafata ta kafe shi ne gaban tabarau masu mariƙi, waɗanda Turawan Ingila ke kira lorgnette, Italiyawa kuma fassamano. Ba a maƙala su a kunne. Sai dai mace ta ɗaga da hannu ta kai ido, ta gama dubawa, ta sake shi ya yi lilo a sarƙar wuyanta. Wani mariƙin na zinariya ne, wani na ɓawon kunkuru, wani na hauren giwa da sassaƙa ƙanana. Akwai wanda ke naɗewa ya koma kamar abin wuya. Ana taɓa maɓalli gilasan biyu su buɗe. Har cikin mafici da kan sanda an ɓoye gilashi.

Abin dariya, tun wajen 1727 ake yin tabarau mai hannuwa biyu da ke zama a fuska a Landan. Amma matan masu hali na ƙarni na 19 sun ƙi shi, don sa tabarau a bainar jama'a tamkar shelar tsufa ne. Sai suka mai da larura ado, a gidan wasan kwaikwayo su riƙa leƙen juna da mai mariƙin. Sunan lorgnette ma daga kalmar Faransanci lorgner ya fito, wato satar kallo. Yau masu tara kayan da ne ke rububinsa a wajen gwanjo.

Na cire nawa tabarau, na riƙe shi da hannu guda don karanta bayanan da ke jikin akwatunan gilashin, wai in ɗanɗana. Kafin in kai akwati na uku damtsena ya ƙage, na mayar da shi kunne.