Godiya bayan kare digiri

Alhamdu lillahi, an kare, an wuce lafiya. Kun san irin faman da aka sha, ba sai na maimaita ba, har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Akwai wadda dole in fara da ita, ko da yake ban san sunanta ba. Ranar da zan tafi da kwalaben iskar da na ɗebo don bincikena kan haidirojin zuwa Utrecht ta ƙasar Holan, inda na'urar awon take, wani jami'i a filin jirgi ya ɗaga ɗaya, ya haska, ya ce ai ba komai a ciki, sai ya buɗe ya gani. Har ya ɗora yatsu kan marfin. Wallahi ƙafafuna rawa suke yi. Haidirojin da ke cikin iska bai wuce kashi 530 zuwa 550 cikin biliyan ba. Murɗawa ɗaya, iskar ɗakin ta shiga, aikin rani guda ya tafi, sai kuma wani hunturun a sake ƙona daji. Sai wata dattijuwa cikin jami'an ta riƙe masa hannu ta ce, "Ɗana, bar masa, karatunsa ne a ciki." Ta zauna ta duba takarduna da kanta. Mama, duk inda kike, Allah Ya riƙe hannun duk mai shirin ɓata miki naki, Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya miki zuri'a.

Baffa, na san ba ku son a ambace ku, ku gafarce ni. Ku kuka tsaya tare da ni cikin hayaƙin gona, idanunku na zubar da ruwa, kuna riƙe mini da tiyo. Abin da muka ɗebo ran nan shi ne ƙashin bayan aikin. Haidirojin yana da ɗan'uwa mai nauyi, diyuteriyom, kuma yawansa ke nuna daga inda iskar ta fito. In aka gwada da ruwan teku, wanda ya fito daga ƙonewar daji da hayaƙin mota diyuteriyom ɗinsa ya gaza na ruwan da kashi 200 zuwa 300 cikin dubu, na ƙananan halittun da ido ba ya gani ya gaza da har wajen 700, amma na iskar sararin sama ya fi na ruwan da kusan 130. Hasken rana ne ke cike giɓin da ke tsakaninsu, yana farfasa wani sinadari, fomaldihaid, da ya samu daga iskar mithen da tururin itatuwa, ya fitar da haidirojin mai nauyi. Ita kuwa ƙasa, ƙananan halittun da ke cikinta ne ke shanye kusan kashi uku cikin huɗu na duk haidirojin da ke barin iska, kuma marar nauyin suka fi saurin ɗauka. Da na gaya muku haka kuka ce, ashe gonar tana aiki ko da rani. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Inna, da kika sayar da tumakinki, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna. Yaya, malamaina, da ma'aikacin ɗakin gwaji da ya kwana gaban na'ura saboda ni, Allah Ya biya ku, Ya yaye muku duk abin da ya dame ku.

Akwai 'yan'uwa na jini da na yi ta duba waya ko za su kira lokacin da abin ya yi tsanani. Shiru. Ya yi mini ciwo, amma Allah Ya bar zumunci.

Waɗanda ban amsa kiransu ba tun jiya ku yi haƙuri, zan neme ku ɗaya bayan ɗaya in na ɗan huta, in sha Allahu.