Shinkafar fadama da bandar kifi: yadda muke haɗa tsarabar Argungu

Sana'ata ita ce gyaran shinkafa 'yar gida da bandar kifi, in ɗura su a leda da kwali masu ɗauke da sunan garinmu, sannan in sayar wa baƙi da masu shaguna na birane. Kamfanin ƙarami ne, yana nan Argungu a Jihar Kebbi, kuma yawancin waɗanda aikin ya rataya a wuyansu ba a cikin gari suke ba: manoman fadama ne, da matan ƙauye masu turara shinkafa, da masunta, sai 'yan matasan da ke tsinta da awo da ɗinkin buhu.

Kowa ya san Argungu da bikin kamun kifi. Tun shekarar 1934 aka faro shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ranar da dubban masunta suka faɗa kogin Matan Fada da goruna da taruna, garin kan cika har a rasa masauki. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, idan mutum ya bi rumfunan da baƙi ke kashe kuɗinsu, zai tarar mafi yawan kayan daga wani wuri aka kawo su, tun daga lemon kwalba har zuwa biskit da rigunan tunawa da biki. Baƙo ya zo garin shinkafa da kifi, ya yi kallo, ya koma gida ba tare da ko mudu ɗaya na amfanin gonarmu ba, manomin da fadamarsa ke kallon filin bikin kuwa bai san an yi ciniki ba.

Ba don baƙi ba sa so ba ne. Ma'aikacin da ya taho daga Abuja ko Legas yana son ya kai wa iyalinsa tsaraba, amma ba zai sa ƙullin kifi mai naso cikin jakar tufafinsa ba, haka kuma matarsa ba za ta yi maraba da shinkafar da sai an yini ana tsince tsakuwa kafin a ɗora tukunya ba. A wannan giɓin muka kafa sana'armu.

Akwai kuma darasin da garin nan ya koya da wahala. Bayan bikin 2009, sai da aka yi shekaru kusan goma ba a sake yinsa ba, musamman saboda matsalar tsaro, har zuwa watan Maris na 2020. Masu masauki da masu abinci da suka dogara ga waɗannan 'yan kwanaki kaɗai sun ji a jikinsu. Saboda haka tun farko na ɗauki biki a matsayin wurin da ake sanin kayanmu, ciniki na gaskiya kuwa shi ne wanda ke biyo baya, lokacin da baƙon da ya ɗanɗana ya kira lambar da ke jikin leda ya ce a aiko masa da wani ta tashar mota.

Aikin shinkafa shi ne ginshiƙinmu, kuma daga gona yake farawa. Muna sayen shanshera kai tsaye daga hannun manoman da muka sani, na damina da na rani, ba ma yarda a gauraya iri biyu a buhu guda, domin kowane iri da yadda yake shan ruwa da wuta, idan aka haɗa su sai wani ya dahu wani ya tsaya da gari a ciki. Galibin manoma yanzu irin zamani mai suna Faro 44 suke shukawa saboda yawan amfaninta, muna kuwa sayenta. Sai dai abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne tsohuwar jar shinkafar nan ta fadama, wadda kakanninmu suka noma tun kafin zuwan sababbin irurruka. Ba ta cika buhu kamar na zamani ba, shi ya sa manoma da yawa suka yi watsi da ita, amma tana jure ruwa mai zurfi, tana da ɗanɗano da riƙe ciki, tuwonta kuma daban yake. Babban kamfani ba zai ɓata lokacinsa a kanta ba. Mu kuwa ita ce abin da baƙo ba zai samu a kantin garinsu ba, don haka muna biyan manominta fiye da farashin kasuwa domin kada irin ya ɓace.

Daga nan sai hannun mata. Su ne ke wanke shanshera su kwashe ƙaiƙayi da holoƙon da ya taso saman ruwa, su jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, washegari su turara ta har ɓawon ya fara tsagewa, sannan a shanya. A wurin shanya ne shinkafar gida ta samo mummunan sunanta, domin idan aka baza ta a ƙasa ko a bakin kwalta, nan take kwasar tsakuwa da yashi. Mun raba wa matan da muke aiki da su tamfol, mun kuma roƙe su da su fara shanyawa a rana su ƙarasa a inuwa, saboda rana mai ƙarfi tana tsattsaga ƙwayar, ta kakkarye a inji. Wata dattijuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba ta ce da ni: "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake wannan aiki." Na ce: "Gaskiya ne, Inna, ba turara na zo koya miki ba, ƙasar da ke shiga ce kawai nake so mu raba ta da shinkafarki." Yau kayanta na cikin waɗanda ba na ko buɗe buhu in duba. Bayan an cashe a inji, sai ta bi ta na'urar cire tsakuwa, sannan matasa su sake bi da hannu.

Kifi ya fi shinkafa wuyar sha'ani. Tarwaɗa da karfasa muka fi yi, muna karɓa da sanyin safiya daga bakin ruwa, a fede, a wanke, a sa gishiri, a jera a kan waya bisa murhu mai rufi, wutar kuma a hankali ake binta har ruwan jikinsa ya ƙone sarai, domin kifin da bai bushe ciki ba zai yi fumfuna cikin leda. Babban abokin gabar busasshen kifi shi ne ƙwaro, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu masu sana'ar suna yayyafa maganin ƙwari don su kare kayansu. Wannan abu ne da ba na yarda da shi ko kusa, domin cutar da mutane ne, kuma duk ranar da baƙo ɗaya ya kwanta ciwo saboda kifin Argungu, sunan garin gaba ɗaya zai shafa. Mafitarmu ita ce busarwa sosai, a bar shi ya huce, a rufe shi a ledar da iska ba ta shiga, kada kuma a tara fiye da abin da za a iya sayarwa.

Rajistar kamfani da neman lambar NAFDAC sun ci kuɗi da lokaci, amma ba tare da su ba babban kanti ba zai ɗora kaya a kan kantarsa ba. Mun kuma lura cewa baƙo ya fi son ƙaramin ƙunshi, kilo ɗaya ko biyu, wanda zai iya raba wa maƙwabta. A jikin kowace leda muna rubuta sunan ƙauyen da aka noma shinkafar, kuma na ga yadda wannan ɗan rubutu yake sa manomi ya ƙara kula da aikinsa.

Wasu baƙin, bayan sun zaga gidan tarihi na Kanta, sukan tambaya ko akwai wani abin gani. Irin waɗannan mukan kai su fadama su ga girbi, su tsaya wurin matan da ke turara, su ci tuwon shinkafa da miyar kifi a ƙauye, kuɗin abincin kuma ya shiga hannun wadda ta dafa. A ganina wannan ne yawon buɗe idon da zai amfani karkara, domin ba ya jiran watan biki.

Matsaloli ba su ƙare ba. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, farashin shanshera ya yi tashin gwauron zabo. Rashin wutar lantarki na tilasta mana ƙona man janareta, labarin rashin tsaro a hanya kuma yana hana baƙi tahowa. Tun da katafaren kamfanin WACOT ya buɗe masana'antarsa ta sarrafa shinkafa a nan Argungu a 2017 manoma suka samu babban mai saye, wanda alheri ne gare su, amma mai ƙaramin jari irina dole ya tanadi kuɗi a hannu lokacin kaka, in ba haka ba ya rasa kaya.

Abin da nake fata mu yi koyi da shi yana nan kusa, a Jamhuriyar Nijar, inda aka yi wa albasar Galmi da kilishin ƙasar rajista a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha da sunayen kaya a wasu ƙasashen Afirka, a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankinsu, ta yadda ba kowa zai laƙaba sunan a kan kayansa ba. Shinkafar fadamar Argungu da albasar Aliero sun cancanci irin wannan kariya. Kafin hukuma ta kai ga haka, muna tattaunawa da sauran masu gyaran shinkafa da masu banda a kan mu kafa ƙungiya guda mai ƙa'idar tsabta ɗaya, mu kuma nemi masarauta da masu shirya biki su ware mana rumfuna a bakin filin Matan Fada, inda ba za a kasa komai ba sai abin da aka noma ko aka kama a ƙasar Kabi.