Ƙwai ɗaya in ya fashe: abin da na koya kan lissafin cire maki

Ranar da wata ɗalibata ta rubuta min cewa mutum ya ci tambaya 60 a jarabawa mai tambaya 50, wallahi na daɗe ban yi barci ba. Faɗuwa kam yara na faɗuwa kullum, wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ta ja layi biyu ƙarƙashin amsar ta miƙo min littafin hankalinta kwance, kuma da na bi sauran littattafan sai na tarar su bakwai ne cikin sha biyu suka kawo 60 ɗin nan.

Lesin na lissafi nake koyarwa nan Aboabo a Kumasi ta ƙasar Ghana, bayan la'asar, a wani ɗaki da yara ke karatun allo ranakun Asabar da Lahadi. Yawancin ɗalibaina 'yan JHS 3 ne, wato aji uku na ƙaramar sakandare, sai 'yan SHS, babbar sakandare, in sun dawo hutu. Tambayar da na ba su ran nan irin wadda ake yawan gani ce: jarabawa mai tambaya 50, in ka ci a ba ka maki 4, in ka faɗi a cire maka 1, wani ya amsa duka ya tashi da 130, to nawa ya ci? Abin nan da ake ce wa nagetif makin.

Ni kuma yadda aka koya min haka na koya musu. Ka kira waɗanda ya ci x, waɗanda ya faɗi su zama 50 − x, ka rubuta 4x − (50 − x) = 130, ka buɗe baka ka samu 5x = 180, x ya zama 36. To a wurin buɗe bakar nan ne aka yi ɓarin. Alamar cirewa da ke waje in ta shiga ta tarar da wata a ciki sai x ɗin ya koma na tarawa, su kuma suka bar shi a na cirewa, suka samu 3x = 180, ga 60 ta fito tas babu ragowa, shi ya sa ma ba su yi shakka ba. Na gyara musu alamar, washegari na canza lambobi, rabinsu suka sake faɗawa ramin jiya. A nan na gane matsalar daga wajena take, na ba su hanya amma ban nuna musu me ake nema a ƙarshenta ba, x ɗin a wurinsu harafi ne kawai, babu wanda ke ganin ɗalibi zaune da takarda mai tambaya 50.

Wadda ta warware min abin ko sukul ba ta taɓa shiga ba. Gwaggona ce, ɗanyen ƙwai take sayarwa kiret-kiret a kasuwar Asawase shekara da shekaru. Na je gaishe ta da daddare na tarar tana lissafin ciniki da yarinyar da ke taya ta, sai na ji tana cewa ita ba ta fara ƙirga kuɗin da aka kawo, sai ta fara sanin nawa ya kamata a kawo in an sayar da duka, sannan ta duba giɓin. Na ce Gwaggo, in ƙwai ya fashe fa ya kike lissafa shi? Ta ce, "Kai ɗan nan, wanda bai sayu ba ai yana nan, riba ce kawai ban samu ba yau. Amma wanda ya fashe, riba ta tafi, uwar kuɗi ma ta bi ta. Asara biyu ke nan a ƙwai ɗaya."

Ina tafe gida ina juya maganar nan. Ƙwan da aka sayar shi ne amsar da ka ci, wanda ya dawo bai sayu ba shi ne tambayar da ka tsallake, wanda ya fashe kuwa amsar da ka faɗi. Duk amsar da ka faɗi ba maki 1 ta ci maka ba kamar yadda yara ke zato, 5 ta ci, 4 da ya kamata ka samu ba ka samu ba, ga kuma 1 da aka zare daga aljihunka.

Washegari ban rubuta x ko ɗaya a allo ba. Na ce mu ɗauka yaron nan ya ci duka 50, nawa ke nan? Suka ce 200. Nawa ya kawo gida? 130. Giɓi nawa? 70. Ƙwai ɗaya in ya fashe nawa yake ci? Aka ɗan yi gardama, wasu 1, wasu 3, har wani ya ce 5 ya kuma faɗi dalili da bakinsa. 70 a raba 5, 14. Ya faɗi 14, ya ci 36. Sai na sa suka gwada, 36 sau 4 ya ba da 144, a cire 14, ga 130 ta dawo. Tun daga ranar na kafa doka, ba na karɓar amsa sai an mayar da ita cikin tambaya an ga ta zauna. Da sun yi haka tun farko da 60 ba ta kai gabana ba.

Ban jefar da aljabra ba fa, kar a fahimce ni ba daidai ba, a WASSCE, jarabawar gama babbar sakandare, ana ba da maki kan matakan aiki kuma dole yaro ya iya jera su. Amma yanzu sai sun gama da hanyar Gwaggo nake dawo da x, kuma in suka ga 5x ya fito sun san daga ina 5 ɗin ya zo, in suka ga 3x su da kansu suke cewa a'a, an yi kuskure a baka.

Inda abin ya fi daɗi shi ne in aka shigo da tsallake. A ce ya bar tambaya 5 bai taɓa ba kuma dai 130 ya samu. Sai ka ware biyar ɗin gefe tukuna, saura 45, in ya ci duka 180 ke nan, giɓi 50, a raba 5, ya faɗi 10 ya ci 35. Ka ga maki ɗaya ne amma labari biyu. In ma ka bi a hankali za ka ga 130 na iya fitowa ta hanya huɗu: ya ci 36 ya faɗi 14, ko 35 da 10, ko 34 da 6, ko 33 da 2, sauran duk tsallake. Shi ya sa nake ce musu kafin ku taɓa biro ku nemo inda aka ce ya amsa duka, ko inda aka faɗi nawa ya bari, in babu to tambayar ba ta da amsa guda. Da yawa ba lissafin ke kayar da su ba, layin nan ɗaya ne da ba su karanta ba saboda sauri.

Daga nan ne hira ta kan koma kan canka, don duk yaro abin da yake so ya sani ke nan, Malam in ban sani ba in canka ko in bari? Amsar tana cikin dokar jarabawar. A objektif, wato tambayoyin zaɓi, na BECE (jarabawar gama ƙaramar sakandare) da WASSCE ba a cire maki, saboda haka barin gurbi asara ce zalla, kuma har yau ina haɗuwa da yaran da wani ya tsorata su da nagetif makin suka bar tambayoyi fayau, abin yana min ciwo sosai. A Indiya jarabawar JEE da NEET, na shiga karatun injiniya da likitanci, tsarin 4 da 1 ɗin nan suke bi, da zaɓi huɗu. In ka canki tambaya 20 ido rufe, a matsakaici za ka dace da 5, maki 20 ke nan, ka faɗi 15 a cire 15, ka tsira da 5. In zaɓin biyar ne kuwa ka dace da 4 ka samu 16, ka faɗi 16 a cire 16, ka tashi a tutar babu. Haka SAT, jarabawar shiga jami'a ta Amurka, take a da, zaɓi biyar, a cire kwatan maki kan kowace faɗuwa, an auna shi ne daidai yadda canka ba za ta ƙara wa mutum komai ba, sai a 2016 suka daina cirewar. Amma in aka ce ci maki 1 faɗuwa ma a cire 1 da zaɓi huɗu, wannan kam ka kama kanka, canka 20 za ta bar ka da bashin 10. Kuma ina jaddada musu kalmar matsakaici, don ranar da ba sa'a kana iya cankar goma ka faɗi goma. Abin da ke gyara lissafin sosai shi ne ka iya fitar da zaɓi ɗaya ko biyu da ka tabbata ba su ba ne, wannan kuwa sai da karatu.

Lokacin gasar NSMQ ma mun ci moriyarta. Gasar kimiyya da lissafi ce ta makarantun SHS da aka fara tun 1993, kuma nan Kumasi ba a wasa da ita tunda Prempeh College ta ɗauki kofin sau biyar har da na 2021. Mukan taru kan waya ɗaya muna kallo, Farfesa Elsie Effah Kaufmann na jefo tambaya. A zagayen gaskiya ko ƙarya, ci maki 2 ne faɗuwa a cire 1, sai na tsayar da bidiyon na ce to faɗuwa ɗaya nawa ta ci wa makarantar nan? Kafin in rufe baki suka ce 3. Yaran da wata guda baya suke kawo min 60.

Makon da ya wuce ina sauri magariba ta kusa, na rubuta musu aikin gida a allo, tambaya 50, tsarin 4 da 1, ya amsa duka, ya samu 132. Ina kakkaɓe alli daga hannuna sai yarinyar nan mai layi biyu ta ɗaga hannu.

"Malam, wannan ba zai yiwu ba."

Na ce saboda me?

"Giɓin 68 ne, kuma 5 ba ta raba 68. In ya amsa duka dole makinsa ya ƙare da 0 ko 5."

Na juya na kalli allon, gaskiyarta, 135 na yi niyyar rubutawa. Na ɗauki dasta zan goge sai ta ce in dakata tukuna, ta sunkuya tana ƙirga da yatsu a kan benci, can ta ɗago ta ce sai dai in ya tsallake biyu, 8 ke nan, saura 60, ya faɗi 12 ya ci 36. Na ce ta zo ta gwada a allo kowa ya gani. Ta rubuta 144, ta cire 12, ta ja layinta biyu a ƙasa, ana kiran salla muka tashi.