Inda na kai: dasa tauraro a tsakiyar tuta

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyo, na nan Garwa da na Marwa da muke tafe tare. Aikin da ke hannuna yanzu shi ne zana tutar Kamaru a cikin tagar kwamfuta da Qt, wato kayan aikin rubuta manhaja: kore, ja, rawaya, da tauraro mai tsini biyar a tsakiyar jan, kamar yadda take tun 1975. Launuka ukun ba su ba ni wahala ba. Tauraron ne ya zaunar da ni.

A fuskar kwamfuta ƙidaya tana farawa ne daga kusurwar hagu ta sama, kuma y, wato ma'aunin sama da ƙasa, ƙaruwa yake yi in ana gangarowa ƙasa, saɓanin yadda muka saba a darasin lissafi. Tagata faɗinta 600, tsayinta 400, don haka jan ya fara daga 200, faɗinsa 200. Tsakiyarsa sai a ɗauki mafari a ƙara masa rabin faɗi: 200 da 100, wato 300. Daga sama kuwa 200. Kada ku manta da mafarin nan, in kun raba faɗi kawai tauraron cikin kore zai faɗa.

To da na tambayi QRect, wato abin da Qt ke auna akwati da shi da cikakkun lambobi, tsakiyar akwatin jan da center(), sai ya ce 299 da 199. Dalili shi ne QRect yana ɗaukar ɗigon ƙarshe da aka shafa wa launi a matsayin gefen dama, wato 399, ba 400 ba. A haɗa 200 da 399 a raba biyu, 299 da rabi ke nan, shi kuma rabon cikakkun lambobi zubar da rabin yake yi. Masu Qt da kansu sun rubuta cewa dalilin tarihi ne ya sa suka bar shi haka. RECT, wato takwaransa na Windows, kuwa gefen damansa yana wajen akwatin, can 400 za ka gani.

Wani zai ce ɗigo ɗaya me zai yi? A babbar tuta ido ba zai kama shi ba, gaskiya ne. Amma na rage ta ta koma ɗan tambari, faɗin jan ɗigo 16 kacal, nan take tauraron ya jingina hagu, ana gani ƙarara. Shi ya sa na koma QRectF, ɗan'uwan QRect mai riƙe rabi da kwata, ya ba ni 300 da 200 cif. Ni dai shawarata, duk abin da za a zana da QPainter, wato kayan zanen Qt, a auna shi da QRectF tun farko.

Tsinayen biyar na jera su digiri 72 tsakanin kowane biyu, na sama kuma ragewa ake yi daga y, ba ƙari ba.

Saura matsalar canza girman taga. In faɗin ya zama 601, uku ba ta raba shi daidai, sai wani siririn layi ya rage a gefen rawaya. Wanda ya riga ya warware wannan don Allah ya nuna mini yadda ya yi.