Kula da tafkin ninkaya a Dallas idan ƙanƙara ta sauka

Ƙaramin kamfani gare ni a Dallas, jihar Texas. Ni da yarana muna kula da tafkunan ninkaya na gidajen mutane: kwashe datti, auna kilorin (sinadarin tsabtace ruwa), gyaran injin tura ruwa. Lokacin zafi ko zama ba ma samu, amma babbar asarar mai gida a dare ɗaya na hunturu take zuwa.

A jihohin arewa irin su Minnesota, tun kafin sanyi ya kankama ake fitar da ruwan bututu a rufe tafki sai baɗi. A Texas ba a saba da haka ba. Sanyinmu na 'yan kwanaki ne, kuma ruwa mai gudu ba ya saurin daskarewa, shi ya sa ake barin inji yana aiki. Kayan tafki na kamfanonin Pentair da Hayward da Jandy suna da na'urar da ke tayar da inji da kanta idan sanyi ya kai wajen digiri 2 ko 3 a ma'aunin Selshiyas.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne kayan ƙawa: magangarar ruwa da ake ginawa da duwatsu, maɓulɓula, da 'yan bututun da ke feso ruwa daga gefen daɓe. Sau da yawa injinsu daban ne, kuma wanda ya gina tafkin bai haɗa shi da waccan na'urar ba. Babban inji yana ta gudu, mai gida hankalinsa kwance, alhali ruwan da ke cikin siririn bututun magangara yana tsaye cik. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, bututun roba kuwa ba shi da inda zai kai shi. Sai ka tarar da bututu ya tsage a tsaye kamar an fasa rake, wani lokacin a can cikin ginin dutse, inda sai an rusa kafin a kai gare shi. Shawarata ga kowa ita ce a haƙura da kayan ƙawa a hunturu. Mu kashe su, mu busa bututun da injin iska, mu toshe bakinsu. In za a zuba maganin hana daskarewa, na tafki ake sa wa, na mota guba ne.

A watan Fabrairun 2021, sanyi ya kai digiri 19 ƙasa da sifili a Dallas, aka ɗauke wa miliyoyin gidaje wuta a faɗin Texas. Na'urar nan mai tayar da inji duk ƙwarewarta sai da lantarki take aiki. Matatun ruwa suka fashe, hita masu ɗuma ruwan tafki suka tsage, aka yi watanni ana jiran kayan gyara. Ni da na taso a Kano, tambayar farko da nake yi a kan kowane inji ita ce: in an ɗauke wuta fa? Don haka kowane sabon kwastoma sai na durƙusa da shi gaban injinsa, na sa ya taɓa murafun zubar da ruwa da hannunsa: biyu a jikin inji, ɗaya a ƙasan matatar ruwa, sai na hita. Wuta na ɗaukewa, ya kashe babban makunni, ya buɗe mafitar iska a saman matatar ruwa, ya kwance murafun, ya zuba su cikin kwandon inji don kada su ɓata. Kashe makunnin ba abin wasa ba ne, domin in wuta ta dawo injin zai tashi babu ruwa ya ƙone.

In kuwa an riga an makara, kada a kwara wa bututu tafasasshen ruwa, kada a daki ƙanƙarar da guduma kusa da tayil. A bari ta narke da kanta. Sannan mu zo mu kunna kayan ɗaya bayan ɗaya, muna duba inda ƙasa ta jiƙe.