Aikin sola a ƙasar Nabaho: in ta lalace, wa zai gyara?

Kafin karatu ya kai ni jihar Arizona ta Amurka, sana'ata a Kano haɗa sola ce: faranti, batir, inbata, da hawa kwano da rana tsaka. Don haka da wata ƙaramar ƙungiya ta 'yan ƙabilar Nabaho, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin Amurka, ta nemi masu aikin sa-kai da suka san kan waya, ban yi wata-wata ba na ba da sunana. Da na buga wa maigidana da ya koya mini aikin na gaya masa, sai ya ce, "Kai yaro, a Amurkan ne ake da gidan da babu wuta, ko zolayata kake?" Na ce, "Wallahi Maigida, dubbai ne."

Ba ƙari na yi ba. Ƙasar Nabaho, wadda ta shiga Arizona da New Mexico da Utah, ta ninka jihar Kano sau uku da ɗoriya, kuma tana da gwamnatinta a garin Window Rock. A 2019 an ƙiyasta gida kusan 15,000 ne ba su da lantarki a cikinta, wato wajen kashi 75 cikin ɗari na duk gidajen da ke cikin duhu a faɗin Amurka. Kusan kashi 30 cikin ɗari na gidajen kuma babu famfo. A bayan a-kori-kura ake ɗauko ruwa cikin tankuna.

Abin da ke cin rai shi ne, ba rashin arziki ne ya jawo haka ba. Kana tafe a mota za ka ga manyan wayoyin wuta sun ratsa ta saman gidajen da ake kunna fitilar kananzir. Tun daga shekarun 1970 har zuwa Nuwamban 2019, tashar kwal ta Navajo Generating Station da ke kusa da garin Page, mai ƙarfin megawat 2,250, tana ƙona kwal ɗin da ake haƙowa a Black Mesa, ƙasar Nabaho da maƙwabtansu 'yan ƙabilar Hopi. Da wani kaso na wutarta aka riƙa tura ruwan kogin Kolorado zuwa biranen Phoenix da Tucson. Har zuwa 2005 ma akwai bututu mai tsawon fiye da kilomita 400 da ake dama kwal da ruwan ƙarƙashin ƙasarsu a kora shi zuwa wata tashar a Nevada, a yankin da mutane ke wahalar ruwan sha. Daga 1944 zuwa 1986 an haƙi yuraniyom a wurin, aka tafi aka bar ramuka fiye da 500. Sannan a yammacin ƙasar, saboda rikicin iyaka tsakanin Nabaho da Hopi, gwamnatin tarayya ta sa dokar hana gini a 1966, wadda ake kira Bennett Freeze. Sai a 2009 aka soke ta baki ɗaya. Shekara arba'in da wani abu, jawo wuta ko gyaran rufi ma sai da izinin da ba ya samuwa da sauƙi. Duk wanda ya san Arlit a Nijar, inda kwal ɗin kamfanin Sonichar ke haska wuraren haƙar yuraniyom alhali ƙasar ta daɗe tana sayen yawancin wutarta daga Najeriya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mu aikinmu na gidajen da ke can lungu ne, inda turakun wuta ba za su je nan kusa ba. Gidan da ya fi zauna mini a rai na wata dattijuwa ce makiyayiya, a wajen Tuba City. A al'adarsu dangantaka ta wajen uwa ake bi, kuma sau da yawa gida da tumaki na mace ne. Saboda haka ko da 'ya'yanta maza na tsaye, babu wanda ya taɓa shebur sai da jagoranmu ya zauna ya gabatar da kansa da yarensu, ya ambaci danginsa huɗu, ya fara da na uwa, aka gano inda suka haɗa zumunci. Ni da na saba a nuna mini kwano in jingina tsani, na ga kamar ana ɓata lokaci. A cikin wannan zaman ne kuwa aka yanke duk abin da ya fi muhimmanci. Ta ce ba za a huda rufin ɗakinta na gargajiya ba, mai kusurwa takwas, wanda ƙofarsa ke kallon gabas. Ta ce kada a tare gaban ƙofar. Ta nuna da leɓe, don ba sa nuni da yatsa, inda tumaki ke bi da safe. Da jagoran ya tambaye ta, "Kaka, me kika fi so wutar ta riƙe miki?" ba ta ambaci talabijin ba. Firji ta ce. Allurar ciwon sukarinta a akwatin ƙanƙara take ajiye ta, kuma ƙanƙarar sai an yi doguwar tafiya a saya.

A kan wannan firjin muka gina lissafin gaba ɗaya. Muka haƙa ramuka, muka kafa turakun ƙarfe da kankare, muka ɗora farantan a ƙasa suna kallon kudu, muka kewaye da shinge saboda dabbobi. A Kano kusan a kwance ake ɗora faranti; a can sai an tayar da shi wajen digiri 35 ko fiye, don rana ƙasa-ƙasa take bi a lokacin hunturu, kuma don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa. Sanyi kansa darasi ne. Mu zafi muka sani a matsayin abokin gabar batir. A can tudu ne mai tsayi, dare na sauka ƙasa da sifili, kuma batirin lithium ba ya son a yi masa caji a irin wannan sanyin, sai ya lalace. Dole a sa shi cikin ɗaki ko akwati mai rufi. Shi kuma faranti ƙarfin bolt ɗinsa ƙaruwa yake yi in ya yi sanyi, don haka in ka jera da yawa a layi ɗaya bisa lissafin bazara, wata safiyar Janairu za ta ƙone maka kantarola, na'urar da ke daidaita cajin batir.

Duk wannan ana koyonsa a mako guda. Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da muka riƙa tararwa a bayan gidaje: tsofaffin faranti lafiya lau, ga batura sun kumbura sun mutu. Wasu masu taimako ne suka zo shekarun baya, suka haɗa, aka ɗauki hoto, suka kama gabansu. Lambar wayar da ke jikin akwatin ba ta shiga. A wani gida, fis ne kawai ya tsinke, abin da bai kai kuɗin abincin rana ba, amma mutanen sun daɗe da komawa janareto domin an ce musu kada su taɓa komai. A ganina wannan ba taimako ba ne. An dai sauya musu wanda za su jira ne.

Shi ya sa ƙungiyar da na yi wa aiki ba ta yarda baƙo irina ya riƙe sukundireba shi kaɗai. Kowane aiki da matasan yankin ake yi, maza da mata, kuma su ne a gaba. Da farko abin ya yi mini nauyi, domin haɗin da zan gama kafin azahar sai ya kai la'asar. Wata budurwa da ke koyo ta sa ni na kwance haɗin kantarola na sake a gabanta, ta ɗauka a waya, sannan ta kwance da kanta ta mayar. Daga baya ita ce ta zauna da dattijuwar nan ta yi mata bayani da yarensu: in allon ya nuna kaza, a kashe komai a bar firji, in hadari ya kwana biyu, kada a jona dutsen guga ko hita. Ta zana hotuna a kwali ta manna a bango. Bayanin da ni da Turancina ba zan taɓa iya isarwa ba ke nan. Yanzu in na'urar ta yi gardama, wadda za a kira tana nan cikin yankin, kuma 'yar dangi ce, ba ta da bakin cewa ba za ta zo ba.

Ba na cikin masu cewa sola ta gida ta wadatar. Ba ta ɗaukar famfon rijiya babba, ba ta ɗumama ɗaki, kuma iyalai da yawa da muka haɗa wa sun faɗa mana ƙarara cewa layin wuta suke jira. Hukumar wuta da ruwa ta ƙabilar, NTUA, wadda aka kafa a 1959, ta fara shirin Light Up Navajo a 2019, inda ma'aikatan kamfanonin wuta daga wasu jihohi ke zuwa su kafa turaku. A zagayen farko an jona gida fiye da 230. Amma gidajen a warwatse suke, jona guda ɗaya kan ci wajen dala 40,000, kuma kafin a kafa turke sai mai gida ya samu takardar hayar fili da izinin masu binciken kayan tarihi da na muhalli. Hukumar tana da gonar sola tata a Kayenta, wadda ta fara aiki a 2017 aka faɗaɗa ta zuwa megawat 55 a 2019. Idan aka kwatanta da tsohuwar tashar kwal, ƙarama ce ƙwarai, kuma ba ta maye ayyukan yi da kuɗin shigar da Nabaho da Hopi suka rasa ba. Bambancin dai shi ne wannan tasu ce.

Muhawarar da na baro ana yi ita ce ta kuɗin batir. Ko mai kyau ne, wata rana zai gaji, kuma shi ne mafi tsada a cikin kayan. Masu ba da tallafi sun fi son biyan sabon haɗi, domin shi ake iya ƙirgawa a rahoto. Wasu a ƙungiyar na ganin kowane gida ya riƙa zuba ɗan wani abu duk wata a asusun gyara, kamar yadda NTUA ke karɓa a wajen masu hayar na'urorinta. Wasu kuma na cewa ba daidai ba ne a ce tsohuwar da kwal ɗin ƙasarta ya haska Phoenix shekara arba'in ta sake sa hannu a aljihu. Ni ina tare da na farko a lissafi, ina tare da na biyu a zuciya. An tsayar da cewa za a kai maganar zauren taron yankin, ɗaya daga cikin irinsa 110 da ƙabilar ke da su, masu gidajen su yanke da kansu.